Lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa: Me ma'aikatan lafiya ke yi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane yara bakwai masu shekaru 10 zuwa 19 a duniya na fama da wata larura da ta shafi ƙwaƙwalwa ko tunani, kuma akasarinsu ba a gano larurar ba, balle a yi musu magani.

Hukumar ta kuma ce kimanin rabin larurorin ƙwaƙwalwa da ake gani a jikin manya tun kafin su haura shekaru 14 suke farawa.

A ƙasar Hausa, da an ce taɓin hankali, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne mutumin da ya yi tuburan yana yawo a bola. Sai dai a wajen yara ba kasafai abin ke zuwa a haka ba. Yaro ne zai daina magana, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya riƙa firgita cikin dare. Yarinya ce da ke ɗaukar na ɗaya a aji za ta soma faɗuwa jarrabawa, tana kukan ciwon kai da ciwon ciki da aka auna aka rasa dalilinsu.

Su wa ke wannan aiki?

Ba likita kaɗai ba ne. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda shi ke da hurumin rubuta magunguna masu ƙarfi. Akwai masanin halayyar ɗan Adam, wanda aikinsa tattaunawa ce da gwaje-gwajen fahimta, sai nas-nas da suka ƙware a wannan fanni, da jami'an walwalar jama'a da ke bin yaro har gida da makaranta.

A Najeriya, mai mutane fiye da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, kuma waɗanda suka ƙware kan yara daga cikinsu ƙalilan ne. A arewacin ƙasar manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da aka daɗe da sani su ne na Barnawa a Kaduna, da na Kware a jihar Sakkwato, da na Maiduguri, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano.

Saboda irin wannan ƙarancin ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a shekara ta 2008. Manufarsa ita ce a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su gane larurorin da suka fi yawa, su kula da waɗanda za su iya, su tura sauran gaba. Littafin jagorar shirin ya fito a 2010, aka sabunta shi a 2016 da babi guda kan yara da matasa.

A Jami'ar Ibadan kuma akwai cibiyar nazarin lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa, wadda Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa, ta kuma soma bayar da digiri na biyu a 2013 ga ɗalibai daga ƙasashen Afirka daban-daban.

Ranar farko a asibiti

Abin da ya bambanta wannan aiki da na manya shi ne, yaro ba ya kawo kansa. Kawo shi ake yi, kuma sau tari wanda ya kawo shi ya riga ya yanke hukunci: taurin kai ne, ko sangarta, ko aljanu, ko kuma sammu.

Don haka ma'aikaci kan fara da sauraron babban da ya zo da yaron har ya gama, ba tare da ya ƙaryata shi ba. Daga nan sai ya koma baya. Yaya aka yi goyon cikin? Haihuwar ta zo da gardama? Yaushe ya zauna, yaushe ya yi tafiya, yaushe ya fara magana? Ya taɓa yin sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har da jijjiga?

Waɗannan tambayoyi ba na cika takarda ba ne. Yaron da ake duka don ba ya amsa kira wataƙila kunnensa ne ba ya ji sosai. Wanda ake cewa ya cika shiririta a aji, wataƙila wata irin farfaɗiya ce da ke ɗauke hankali na ɗan daƙiƙoƙi ba tare da faɗuwa ba. Tamowa ma na iya barin tabo a ƙwaƙwalwa. A jihar Zamfara, gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan masu haƙar zinari a 2010 ta kashe yara fiye da 400, kuma wasu daga cikin waɗanda suka rayu sun tashi da larurar ƙwaƙwalwa. Idan ba a duba jiki ba, za a yi ta jifar gafiyar Ɓaidu.

A nan ne sanin al'ada ke da rana. Uwa Bahaushiya na iya jin nauyin faɗin sunan ɗanta na fari, balle ta zauna tana bayanin halinsa dalla-dalla. Ma'aikacin da bai san alkunya ba zai rubuta cewa uwar ba ta damu da ɗanta ba, alhali kakarsa ko goggonsa ya kamata ya nema. Haka kuma dole ya tambayi wa ke riƙon yaron a zahiri, domin rabuwar aure, ko rasuwar uwa, ko zama a hannun kishiyar uwa, ko komawa gidan wani ɗan uwa, duk suna iya zama mafarin damuwar. Idan almajiri ne, iyayen na can wani gari, malaminsa ne uba a nan.

Bayan haka sai a ga yaron shi kaɗai, da izinin iyaye. Ƙaramin yaro akan ba shi takarda da fensir ya yi zane, ko a bar shi da kayan wasa, domin abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba hannunsa kan nuna. Matashi kuwa akan yi masa alkawarin riƙe sirri, amma a gaya masa iyakar alkawarin tun da farko: idan rayuwarsa ko ta wani na cikin haɗari, ko ana cin zarafinsa, tilas a sanar da wanda zai kare shi.

Akwai tambayar da ma'aikata da yawa ke jin nauyin yi, wato ko matashin ya taɓa tunanin kashe kansa. Masana sun yi ittifaƙin cewa yin tambayar ba ya cusa tunanin, kuma rashin yin ta ne ya fi haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kisan kai cikin manyan dalilan mutuwar masu shekaru 15 zuwa 29. Idan amsar ta zama e, ana shawartar iyali da kada su bar shi shi kaɗai, su kuma kawar da magungunan ƙwari da sauran abubuwa masu haɗari daga inda zai kai hannu.

Magani ba ƙwaya kaɗai ba ne

Iyaye da dama kan ji kamar an yi musu rowa idan suka fito ba takardar magani a hannu. Amma jagorar mhGAP ta fito fili: kada a ba yaron da bai kai shekaru 12 ba maganin ciwon damuwa. Ga matasa ma tattaunawa ake fara gwadawa, kuma idan ta kama a ba da magani, sai ƙarƙashin kulawar ƙwararre.

Mafi yawan aikin a hannun iyaye yake ƙarewa. Ana koya musu su ware ɗan lokaci kullum suna hira ko wasa da yaron, su yaba masa nan take idan ya yi abin kirki, su ba da umarni ɗaya a lokaci guda, su kuma daina duka. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuyar karɓuwa, a wurin da ake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ma'aikacin da ya iya aikinsa ba ya musun karin maganar, sai dai ya nuna cewa tanƙwarawa daban, karyawa daban.

Ana kuma duba mai renon. Uwar da ita kanta ke fama da damuwa tun bayan haihuwa ba za ta iya aiwatar da ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan ba sai an fara kula da ita.

Sanya iyali a tsakiyar jinya ba baƙon abu ba ne a Najeriya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa asibiti da rana. Ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Daga baya Lambo ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Malamai, ruƙiyya da gidajen mari

Da wuya a kawo yaro asibitin ƙwaƙwalwa ba a riga an kai shi wajen malami ko mai magani ba. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da ɗalibai mata suka riƙa faɗuwa a makarantun sakandare a Kano, abin da jama'a suka kira Sumbuƙa, wajen masu ruƙiyya aka fi nufa.

Gogaggun ma'aikata ba sa ɓata lokaci wajen jayayya kan ko akwai aljanu. Abin da suke nema shi ne a ci gaba da addu'a, a kuma ci gaba da shan magani da zuwa asibiti, sannan a yarda da sharuɗɗa uku: ba duka, ba ɗauri, ba hana abinci.

Dalilin waɗannan sharuɗɗa ya bayyana a watan Satumban 2019, sa'ad da 'yan sanda suka kuɓutar da mutane fiye da 300, ciki har da yara, daga wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Samamen ya ci gaba a Daura da wasu garuruwa. Abin lura shi ne, yawancin waɗanda aka samu iyayensu ne suka kai su, har suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye ko ƙiriniyar da ta gagare su. Rufe irin waɗannan gidaje bai amsa tambayar da iyayen ke yi ba, wato ina za su kai ɗan da ya fi ƙarfinsu.

Matsalar shaye-shayen ba ƙarama ba ce. Wani bincike da gwamnatin Najeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda. A watan Mayun 2018 ne gwamnati ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai ƙunshe da kodin.

Yaran da suka ga yaƙi

A arewa maso gabashin Najeriya da jihar Diffa ta Nijar, rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya samar da yaran da suka ga an kashe iyayensu, da 'yan matan da aka sace suka dawo da goyo, jama'a na ƙyamarsu da 'ya'yan nasu.

A irin wannan yanayi, ƙa'idar agajin gaggawa ta tunani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2011 ta taƙaita aikin a abubuwa uku: duba, saurara, sada mutum da taimakon da yake buƙata. Ba a tilasta wa yaro ya ba da labarin abin da ya gani. Abin da ake fara nema shi ne a haɗa shi da danginsa, ya samu abinci da wurin kwana, ya koma makaranta da wasa. Yara da yawa kan murmure da wannan kaɗai, sai a ware waɗanda firgicin ya ƙi sakinsu a kai su ga ƙwararru.

Gidauniyar Neem, wadda masaniyar halayyar ɗan Adam Dokta Fatima Akilu ta kafa, na daga cikin ƙungiyoyin da suka riƙa tura masu ba da shawara cikin unguwanni da garuruwan jihar Borno, maimakon jiran mutane su zo asibiti.

Me doka ta ce?

A watan Janairun 2023 shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sanya hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Ita ce ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, wadda aka gada daga Turawan mulkin mallaka, kuma ba ta tanadi wani abin a zo a gani ba face tsarewa. Sabuwar dokar ta amince da haƙƙin marar lafiya, ta kuma hana ɗaure shi da sarƙa.

Tsofaffin dokokin hukunta laifuka na ƙasar sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da likitoci suka daɗe suna cewa yana sa iyaye ɓoye 'ya'yansu maimakon kai su asibiti. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023, yayin da gwamnatin tarayyar Najeriya ta kafa kwamitin da zai yi aikin soke nata a 2024.