Ntsiki Biyela

Ntsiki Biyela masaniyar haɗa giyar inabi ce 'yar Afirka ta Kudu, kuma ita ce baƙar mace ta farko a ƙasar da ta riƙe wannan sana'a da shaidar ilimi. An haife ta a 1978 a Mahlabathini, cikin lardin KwaZulu-Natal, yankin Zulu da ba a san shi da noman inabi ba. Kakarta Aslina ce ta rene ta. Da ta gama sakandare babu kuɗin ci gaba da karatu, sai ta yi aikatau na kusan shekara guda, kafin kamfanin jiragen sama na ƙasar ya ba ta tallafin karatun noman inabi da sarrafa shi a Jami'ar Stellenbosch. Har zuwa lokacin ba ta taɓa ɗanɗana abin da za ta karanta ba.

Karatun ya zo mata da wuya, domin yawancin darussa da harshen Afirkans ake koyarwa, ita kuwa ba ta jin sa. Duk da haka ta kammala a 2003. A 2004 ta kama aiki a Stellekaya, wata ƙaramar masana'anta a Stellenbosch wadda ta fi ƙarfi a jar giya, inda ta shafe fiye da shekara goma. A 2009 aka zaɓe ta gwarzuwar shekara cikin mata masu wannan sana'a a ƙasar.

Daga baya ta kafa kamfaninta, ta raɗa masa sunan kakarta, Aslina. Ta fara ne ba tare da gona ko masana'antar kanta ba: tana sayen inabi daga manoman da ta yarda da su, tana hayar wurin matsa da ajiya. Wannan tsari yana da tushe a tarihi. Tun 1659 ake matsar inabi a yankin Kef na Afirka ta Kudu, amma gonakin sun daɗe a hannun fararen fata, baƙaƙe da ruwa-biyu kuwa leburori ne, har akwai zamanin da ake biyan wani ɓangare na ladansu da giya. Wanda bai gaji ƙasa ba, hanyar da ta rage masa ita ce ido mai gane inabi nagari da amana tsakaninsa da manomi. Aikin na buƙatar zirga-zirga a gonaki lokacin girbi, daga Janairu zuwa Maris, ana auna zaƙi da tsamin 'ya'yan kafin a tsinka, sannan a bar ruwan ya tsimu, a adana ja a gangunan katako na watanni.

Cikin abin da take fitarwa akwai Chardonnay, Sauvignon Blanc, Cabernet Sauvignon da Umsasane, haɗi irin na yankin Bodo na Faransa, mai ɗauke da laƙabin kakarta. Tana kuma jan hankalin masu ɗanɗano su siffanta ƙamshi da abin da suka sani a gidajensu maimakon 'ya'yan itatuwan Turai da ba su taɓa gani ba.

Ta kuma shiga hukumar gudanarwar Pinotage Youth Development Academy, makarantar da ke horar da matasa marasa galihu domin aiki a wannan fanni.