Filawud na bouleau: yadda ake gane mai kyau kafin a sa masa zarto

A Maijirgi, kamar a Tasawa da Mayahi, an daɗe ana sassaƙa turmi da icen ƙirya, allo kuma da icen aduwa. Amma adon gadon amarya, da ƙofar kabad mai huje-huje, da haruffan da ake liƙawa a allon shago, duka da filawud ake yin su, wato katakon da Faransawa ke kira contreplaqué. A aikin yankan zane mai lanƙwashe-lanƙwashe, wanda aka fi yabawa a duniya shi ne na itacen bouleau.

Mene ne shi?

Filawud fallayen itace ne sirara da aka manne da gam, kowane falle jijiyarsa ta gitta ta na ƙarƙashinsa. Wannan gittawa ce ke hana shi tsagewa da lanƙwashewa. Yawan fallayen mara ne: 3, 5, 7 da sauransu.

Bouleau, wanda Ingilishi ke kira birch, bishiyar ƙasashen sanyi ce, irin su Finlan, Rasha, Latbiya da Istoniya. Kowane falle kaurinsa kusan milimita 1,5 ne. Mai kaurin milimita 6 yana da falle 5, mai 12 yana da 9, mai 18 kuma yana da 13. Sau da yawa yana zuwa da faɗin santimita 152,5 kowane gefe, alhali filawud na yau da kullum 122 ne a kan 244.

Me ya sa ya dace da yankan zane?

Ruwan zarton zane siriri ne ƙwarai, yana bin kwana-kwana har ya bar wurare masu faɗin tsinke. Idan akwai rami a cikin katakon, nan take wurin ya karye, aikin yini ya tafi a banza. Filawud mai araha yakan zo da fuska mai kyau, cikinsa kuwa itace mai laushi da ramuka. Na bouleau na ainihi duk fallayensa iri ɗaya ne, kuma da wuya a samu rami.

Ba kowace kasuwa ake samunsa ba, kuma yana da tsada. Tun 2022 Tarayyar Turai ta haramta shigo da katakon Rasha, abin da ya dagula cinikinsa. Wanda aka fi sani a Afirka shi ne mai fuskar okume, itacen Gabon. Shi ma yana yin aikin idan cikinsa ya cika.

Yadda ake zaɓa

A duba gefen katakon, kada fuska ta ruɗi mai saye. A ƙirga fallaye, a ga ko kaurinsu ɗaya ne, a tabbatar babu rami ko wurin da gam ya saki. Layin gam mai duhu yakan nuna irin wanda ke jure laima. A ɗaga katakon a hango tsawonsa: wanda ya riga ya lanƙwashe ba zai kwanta a kan teburin zarto ba.

Wajen yanka

Milimita 3 zuwa 6 ya isa ado da haruffa. Siririn katako yana son ruwan zarto mai ƙananan haƙora, kuma haƙoran su dubi ƙasa. Don yankan tsakiya, sai a huda ƙaramin rami a zura ruwan. Ana iya haɗa katako uku ko huɗu masu milimita 3 a yanke su gaba ɗaya. Gam yana dakusar da haƙora da wuri, don haka a riƙa sauyawa. Inda babu lantarki, zarton zane na hannu yana fid da aiki iri ɗaya, sai dai ya fi cin lokaci.

Ajiya da lafiya

Bouleau ba ya jure gara, ba ya jure ruwa. A ajiye shi kwance a kan abin da ya ɗaga shi daga ƙasa, nesa da laimar damina da zafin rana. Bayan aiki a shafe gefuna da fenti, don ta nan ruwa ke shiga. Ƙurarsa na ɗauke da gam, saboda haka a rufe hanci, kuma kada a hura wutar girki da guntayensa.