Daga kurkukun New York zuwa majalisar Belize: tarihin Shyne

Belize ƙaramar ƙasa ce a Amurka ta Tsakiya, tana maƙale tsakanin Meziko da Guwatamala, mutanenta kuma ba su wuce dubu ɗari huɗu da ɗoriya ba. Ingila ta mulke ta har 1981. A birnin Belize aka haifi Jamal Michael Barrow ranar 8 ga Nuwamba 1978. Mahaifinsa, Dean Barrow, lauya ne da daga baya ya zama firaminista, amma iyayen ba su yi aure ba, yaron kuma bai tashi a gabansa ba. Yana ƙarami ya bi mahaifiyarsa zuwa Burukilin a New York, inda take aikatau don su ci.

A 1998 wani mai haɗa kiɗa, DJ Clark Kent, ya ji shi yana rera waƙar gambara a shagon aski. Muryar ce ta ja hankali: mai kauri, mai nauyi, kamar ta Notorious B.I.G. da aka harbe a Maris 1997. Sean Combs, mai kamfanin Bad Boy, yana neman wanda zai cike wannan gurbi, sai ya ɗauke shi. Sunan Shyne ya bi shi tun daga nan.

Faifansa na farko bai ma fito ba masifa ta auku. Daren 27 ga Disamba 1999, a wani gidan rawa da ake kira Club New York, cacar baki ta ɓarke tsakanin mutanen Combs da wasu, aka yi harbi, mutum uku suka ji rauni. Jennifer Lopez tana wurin, shi ya sa labarin ya game duniya. Aka gurfanar da ubangida da yaronsa tare. Combs ya zo da manyan lauyoyi, har da Johnnie Cochran, kotu ta wanke shi. Shyne ya tsira daga tuhumar yunƙurin kisa, amma an same shi da laifin jikkata mutane da riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba, a Yuni 2001 aka ɗaure shi shekara goma. Bai musa cewa ya harba bindiga ba. Abin da ya dage a kai shi ne kare kai ya yi, kuma shi aka bari da jangwam don babba ya tsira. Faifan nasa ya riga ya fito a Satumba 2000, ya kai na biyar a jerin Billboard. Na biyu, Godfather Buried Alive, ya fito a 2004 yana ɗaure, ya kai na uku.

A kurkukun ne ya rungumi addinin Yahudu gadan-gadan. Ya ce kakarsa ta wajen uwa tana da jinin Yahudawan Habasha, don haka a ganinsa gida ya koma. A 2006 ya sauya suna a hukumance zuwa Moses Michael Levi. Fursunonin Amurka baƙar fata da yawa sun sami addini a ɗaure, kowa ya san Malcolm X, amma galibinsu Musulunci ko coci suke nufa. Yahudanci na masu tsananin riƙo ba ya wa'azin jawo mutane, malamansa ma sukan wahalar da mai son shiga, ga dokokin abinci da na Asabar. Wanda ke neman suna kawai ba zai zaɓi wannan hanya ba, shi ya sa ban ga dalilin shakkar imaninsa ba.

Sai dai masu ba da labarin sukan tsallake abin da ya fi komai tasiri. Ba addini ne ya kai shi Belize ba, dokar shige da fice ce. Duk shekarun da ya yi a Burukilin bai zama ɗan ƙasa ba, kuma tun 1996 dokar Amurka ta tsananta kan baƙon da aka kama da babban laifi. Da aka sake shi a Oktoba 2009, jami'an shige da fice suka karɓe shi, suka tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar da ya bari yana yaro. Ya sauka ya tarar mahaifinsa ne ke mulki tun 2008. A 2010 aka naɗa shi jakadan kiɗa na ƙasar, a shekarar kuma ya tafi Ƙudus, ya zauna yana karatun Attaura, sanye da baƙar hula, ga tukkayen gashi a gefen kunne. Ya gwada komawa waƙa, kasuwa ba ta karɓa ba.

Siyasar kuwa gado ce ta ɓangare biyu. Mazaɓar Mesopotamia, unguwar talakawa a kudancin birnin Belize, kawunsa Michael Finnegan ne ya daɗe yana riƙe da ita a jam'iyyar UDP. Da kawu ya sauka, ɗan 'yar'uwa ya hau. A zaɓen 11 ga Nuwamba 2020 jam'iyyar ta sha kaye, ta tsira da kujera 5 cikin 31, ɗaya ta Shyne. A cikin mutum biyar ba wuya a zama babba: a 2021 ya zama jagoran adawa na 'yan watanni, a 2022 ya dawo kujerar, ya kuma ci shugabancin jam'iyya da ƙyar a kan Tracy Panton. Amurkar da ta kore shi ta ba shi biza, ya shiga a matsayin babban baƙo.

Riƙe jam'iyya ya fi ƙarfinsa. A 2024, shekarar da aka kama Combs kan wasu tuhume-tuhume daban, aka kuma fitar da fim ɗin tarihin Shyne a Hulu, UDP ta dare gida biyu, ɓangaren Panton yana cewa shi ne halastacce. 'Yan jaridar Amurka suna ta tambayarsa labarin daren 1999, 'yan jam'iyyarsa kuma suna neman tsige shi. A zaɓen 12 ga Maris 2025 Lee Mark Chang, ɗan ɓangaren Panton, ya ƙwace Mesopotamia daga hannunsa. Ya ajiye shugabanci, Panton ta zama mace ta farko da ta jagoranci adawa a Belize.