Manhajar da ta rufe, ta bar hotuna a hannun mutane

Mutanen Kakuri ba sa bukatar a gaya musu cewa babban kamfani ma yana mutuwa. Masaƙar Kaduna Textiles ta buɗe a 1957, ta rufe a 2002. UNTL ta tsayar da aiki a 2007. A cikin waɗannan shekaru na durƙushewa ne shagunan intanet suka bazu a Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, kuma masu gyaran kwamfuta, a nan da sauran biranen duniya, suka jingina da wata manhaja da ita ma ajalinta ke tafe, wato Norton Ghost.

Aikinta ya bambanta da kwafar fayil. Mai kwafar fayil yana kwashe kayan ɗaki ne; Ghost kuwa takan ɗauki faifan kwamfuta kacokan, da Windows da manhajoji da saituna, ta dunƙule shi cikin fayil guda da ake kira hoton faifai. Idan ƙwayar cuta ta shiga, ko ɗaukewar wuta ta dagula na'ura, sai a mayar da hoton, aikin yini guda ya koma na mintoci.

Dabarar ta girmi Ghost. Tun a 1974 tsarin Unix na ɗakunan binciken Bell a Amurka yake ɗauke da wani ɗan umarni mai suna dd, wanda ke kwafar faifai gaba ɗaya ba tare da tambayar abin da ke ciki ba. Ba ya gargaɗi. Wanda ya juya sunan faifan asali da na ajiya ya shafe dukiyarsa da hannunsa, shi ya sa aka yi masa laƙabi da mai hallaka faifai. Murray Haszard, ɗan New Zealand, shi ne ya sauƙaƙa aikin da Ghost a tsakiyar shekarun 1990, kamfanin Symantec ya saye ta a 1998.

A ranar 30 ga Afrilu, 2013, Symantec ya daina sayar da Norton Ghost ga ɗaiɗaikun mutane, ya bar ta manyan ma'aikatu kawai. Abin ya maimaitu da Macrium na Birtaniya, wanda ya janye hannu daga Reflect ta kyauta a farkon 2024. Manhajar da aka daina yi wa gyara takan koma hannun masu fasa-ƙwauri a intanet, kuma a nan haɗarin ya fi muni, domin ita ce ake miƙa wa faifai dungurungum. Kai, ko sahihiyar hanya ba ta tsira ba: a 2017 an cusa guba cikin CCleaner, manhajar share kwamfuta, mutane fiye da miliyan 2 suka sauke ta.

Bukatar kuwa ƙaruwa ta yi. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, kowace cibiya sai ta tanadi ɗaruruwan na'urori masu saiti iri ɗaya. Irin wannan aiki ne Clonezilla, wadda Steven Shiau da abokan aikinsa suka fitar daga Taiwan, ta ƙware a kai. Fuskarta ba ta da kyan gani, amma lambobinta a buɗe suke ga duk mai son bincikawa, don haka rufewar wani kamfani ba za ta kulle hotunanta ba.

Sai dai Clonezilla ba ta buɗe fayil ɗin Ghost. Wanda ya adana lissafin shagonsa a irin wannan hoto a 2005, yau sai ya nemo tsohuwar Ghost kafin ya gan shi. Hoton da dd ya ɗauka a shekarar kuwa, kowace kwamfuta mai Linux za ta mayar da shi.