Tsarin Sarrafa Bayanai Da Matsayinsa A Harkokin Hidima A Kaduna

Tsarin sarrafa bayanai shi ne haɗakar kwamfutoci, manhajoji, layukan sadarwa, ma'aikata da ƙa'idojin aiki da ake amfani da su wajen tattara bayani, adana shi da isar da shi ga mai buƙata. Harkokin hidima kuwa su ne sana'o'in da ake biyan kuɗi a cikinsu saboda aikin da aka yi wa mutum, kamar banki, sufuri, raba wutar lantarki da rajistar filaye. A irin waɗannan harkoki, rajista ce hujjar ciniki: ita ke nuna wanda ya biya, abin da ya biya da abin da yake bi. A birnin Kaduna, an fi ganin tasirin tsarin a fannoni huɗu.

Banki da masu POS

Tura kuɗi tsakanin bankunan Najeriya na bi ne ta hannun kamfanin NIBSS, mallakin Babban Bankin Najeriya da bankunan kasuwanci, wanda ya fara hidimar tura kuɗi nan take a 2011. A watan Fabrairun 2014 aka ƙaddamar da BVN, lamba mai alƙaluma 11 da ke haɗa duk asusun mutum da hoton yatsunsa. A kan wannan ginshiƙi masu POS na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kawo da Unguwar Rimi suke aiki. Idan aka sa kati, na'urar kan aika saƙo zuwa bankin mai katin, bankin ya cire kuɗin, sannan ya maido da amsa. Idan amsar ta maƙale a hanya, sai a cire wa mutum kuɗi alhali na'urar na nuna ciniki bai yi ba.

An ga iyakar wannan tsari a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira. Jama'a sun koma tura kuɗi ta waya gaba ɗaya, manhajojin bankuna suka riƙa cijewa. Jihar Kaduna, tare da Kogi da Zamfara, ta kai ƙarar Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli, wadda a ranar 3 ga Maris, 2023 ta yanke cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun.

Wutar lantarki

Kamfanin Kaduna Electric, mai hedikwata a Titin Ahmadu Bello, shi ke raba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Mai mitar biya-kafin-sha yakan sayi lamba mai alƙaluma 20, wadda ke ɗauke da adadin wutar da ya saya da lokacin sayen, kuma ba ta aiki sai a mitarsa. Ƙidayar lokacin da ke cikin lambobin ta fara ne daga 1993, ta cika a ranar 24 ga Nuwamba, 2024. Dalili ke nan da ya sa aka buƙaci masu mita a Najeriya da wasu ƙasashe su shigar da lambobin sabuntawa kafin ranar. Amfanin mitar shi ne tana raba gardamar da ke tsakanin kamfani da mai gida kan bil ɗin ƙiyasi.

Sufuri da filaye

Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, mai tsayawa a tashar Rigasa, ya fara aiki a Yulin 2016. Cuwa-cuwar tikiti ta daɗe tana damun fasinjoji, har a Janairun 2021 aka fara sayar da tikiti ta intanet, inda ake ɗaure kowane tikiti da sunan mai shi da kujerarsa.

A fannin filaye, dokar jiha ta 2015 ta kafa hukumar KADGIS, mai ofis a Titin Ali Akilu, domin mayar da taswirori da fayilolin filaye cikin kwamfuta. Manufar ita ce rage ɓatan fayil da sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, tare da sauƙaƙa bayar da takardar mallaka.

Matsaloli da kariya

Dukkan waɗannan hidimomi sun dogara ne da wuta da layin sadarwa. Lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwambar 2021 saboda matsalar tsaro, tura kuɗi da aikin POS sun tsaya tare da su a yankunan da abin ya shafa. Akwai kuma 'yan damfara da ke kiran mutane da sunan ma'aikatan banki suna neman lambar sirri, abin da banki ba ya tambaya ta waya.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a Yunin 2023, ta ba kowa haƙƙin sanin bayanan da kamfani ya ajiye a kansa da neman a gyara kuskure. Ga wanda aka cire wa kuɗi ba daidai ba, ƙa'idar ita ce ya fara kai kuka bankinsa da rasit ko saƙon cirewar. Idan ba a warware ba, ya ɗaukaka ƙorafin zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.