Zamanin Da Intanet Ke Bin Layin NITEL A Jos

Yau tarihi zan ɗan taɓo mana, musamman don ƙannenmu na Anguwan Rogo da suka buɗe ido suka tarar da intanet a aljihu.

Kafin zuwan GSM a 2001, wanda zai shiga intanet a garin nan yawanci sai ta layin wayar NITEL, kuma samun layin kansa sai mai hanya. Modem ce ke buga lamba, ta yi ta ƙara kamar gyare, sannan a haɗu. Iyakar gudunta kilobit 56 a daƙiƙa, shi ma a takarda, domin layukanmu ba kasafai suke kai haka ba.

To, a ofis ko kafe mai kwamfuta goma da layi ɗaya fa? Nan rauta ke shigowa, wato na'urar raba hanya. Aikinta kamar na ɗan kamasho ne a tasha: kowane saƙo ta duba inda za shi. Na cikin gida ya tsaya gida, na waje a tura shi ƙofa ɗaya tilo, wato modem. Duk kwamfutocin da adireshi ɗaya suke fita, ita ke tuna amsar wane ce ta dawo.

Wayon yana wajen saiti. Ana saita ta kada ta buga waya sai akwai saƙon fita, in layi ya yi shiru ta katse. A rautar Cisco daƙiƙa 120 ne, sai in an canza. Amma akwai tsarin RIP da rautoci ke sanar da juna hanya duk daƙiƙa 30. Wanda ya bari ana lissafa wannan a matsayin saƙo, layinsa ba zai taɓa yin shiru ba, lissafin NITEL kuwa yana ta hawa. Shi ya sa masu sani ke rubuta hanyar da hannu, su huta.

Maƙwabciyarmu Jami'ar Jos ta sha wannan wahala. Cliff Missen, Ba'amurke daga Jami'ar Iowa, ya koyar a can a 1999, ya ga yadda layi ke hana ɗalibai karatu. Daga nan aka samo dabarar eGranary: a zuba dubban littattafai da shafuka cikin faifai ɗaya, a karanta ba tare da intanet ba. Ma'anar sunan ma rumbu ne.

NITEL dai ta rushe, an sayar da kadarorinta a 2015. Amma ɗan kamashon nan yana nan cikin kowace MiFi. In datarka na ƙarewa ba ka san dalili ba, duba abin da wayarka ke aikawa a ɓoye, ciwon tsoho ne. Allah Ya sa mu dace.