Elmina

Elmina gari ne na masunta a gaɓar Tekun Atlantika, a Yankin Tsakiya na ƙasar Ghana, kimanin kilomita 12 yamma da Cape Coast. Mazaunansa mafi yawa Fante ne, su kuwa Edina suke ce masa.

Turawan Fotugal sun iso nan suna neman zinariya, suka gina ganuwar São Jorge da Mina a 1482. Mutanen Holan suka ƙwace ta a 1637, kuma a hannunsu cinikin bayi ya ƙazanta. A kurkukun da ke ƙasan ginin ake cunkushe mutane cikin duhu kafin a fito da su ta wata 'yar siririyar ƙofa zuwa jirgin ruwa. Ingila ta karɓi garin a 1872, shekara ɗaya bayan haka sojojinta suka yi wa tsohon garin luguden wuta. UNESCO ta sa ganuwar cikin wuraren tarihi na duniya a 1979.

Har yau kamun kifi ne ke ciyar da garin. Kwale-kwalen katako masu fenti kala-kala sukan cika bakin tafkin Benya, mata kuma su ke sayen kifin su yi banda, su kai kasuwannin cikin ƙasa. Ba a fita su ranar Talata. Bikin Bakatue, a Talatar farko ta watan Yuli, shi ke buɗe kakar kamun kifi. Sai dai kifi ya ja baya ƙwarai, galibi saboda manyan jirage masu kwashe har 'yan ƙanana.